Waƙar da 'yan ƙwadago ke rerawa ranar 1 ga Mayu: ta wa ce?

Ɗan_Asawase
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku raba mana gardama. Waƙar nan da 'yan ƙwadago ke rerawa ranar ma'aikata a Jubilee Park, wadda suke cewa "Solidarity Forever", daga ina ta fito? Mu uku ne a shago, kowa da tasa. Yaron da ke mana guga ya rantse waƙar Manchester United ce aka sauya mata baiti. Maigidana ya ce ta coci ce, tun yana ƙarami yake jin karinta daga makarantar mishan da ke bayan gidansu. Ni kuwa na tsaya a kan cewa TUC, uwar ƙungiyoyin ƙwadagonmu, ita ce ta yi abarta a nan Ghana zamanin Nkrumah. Wanda ya faɗi shi zai sayi koko da ƙosai na mako guda.

Bash_Aboabo
Yaron nan ya fi ku ilimi wallahi. A ba shi ƙosansa kawai.

TsohonTica
Wa alaikumus salam. Ɗan_Asawase, ɗana, shirya kuɗin kokonka, domin kai ne ka fi su nisa da gaskiya.

Wani Ba'amurke ne ya rubuta baitukan, sunansa Ralph Chaplin, mai zane ne kuma ɗan jarida. Ɗan ƙungiyar IWW ne, wata ƙungiyar ma'aikata mai zafin ra'ayi da aka kafa a Chicago a 1905. Aƙidarsu ita ce kada a raba ma'aikata, kafinta daban, direba daban, baƙi daban, fari daban. Kowa ya shiga ƙungiya ɗaya. A 1912 zuwa 1913 an yi wani mugun yajin aiki na masu haƙar kwal a jihar Virginia ta Yamma. Kamfanoni suka ɗauko 'yan banga masu bindiga, aka fitar da iyalai daga gidajen kamfani suka koma zama cikin tantuna, aka rasa rayuka. Chaplin ya yi aikin jarida a wannan yankin, a can waƙar ta fara zo masa, ya ƙarasa ta a Chicago a watan Janairun 1915. A lokacin Nkrumah yana yaro ƙarami a Nzema.

Amma karin ba nasa ba ne, aro ya yi. Nan ne maigidanka ya samu rabonsa. Karin ya fito ne daga wata waƙar tarukan wa'azin Kirista a Amurka. Da yaƙin basasarsu ya ɓarke a 1861, sojojin Arewa suka ɗora masa baitukan John Brown, Baturen nan da ya kai hari rumbun makamai na Harpers Ferry a 1859 don ya tayar da bayi, aka rataye shi a watan Disamban shekarar. Sai wata mata mai suna Julia Ward Howe ta ji sojoji suna rerawa, ta rubuta wasu baituka masu kamar addu'a a kan karin, aka buga su a 1862. Wannan ta Howe ita ce ta shiga coci da makarantu har ta iso mu.

Bash_Aboabo
To United fa, Baba? Ka tsallake mu.

TsohonTica
Ku ne auta. Taku ta fito a 1983, gab da wasan ƙarshe na kofin FA. Magoya bayan Tottenham sun riga ku rera karin da kusan shekara 20.

Bash_Aboabo
Tottenham kuma? Gara a ce min ta coci ce.

Maman_Sadiya
Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Ma'aikaciyar jinya ce ni, duk taron ƙungiya sai mun miƙe mun yi ta, ni ce ma nake ɗaga murya a layinmu. Yanzu Baba Tica ya ce tushenta coci. Malamai, ya matsayina?

Ustaz_Sawaba
Hajiya, ba fatawa nake bayarwa ba, ra'ayi ne na ɗalibi. Abin da ake dubawa a waƙa shi ne abin da bakinki ke furtawa. A baitukan ma'aikatan babu bautar kowa, babu ambaton wani abin bauta, magana ce ta haƙƙin mai aiki. Kuma addininmu ya riga su: a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Batun kari kuwa, a Kano akwai masu bege da bandiri da suka shahara da ɗaukar karin waƙoƙin fina-finan Indiya suna yabon Manzon Allah (SAW) a kai. An yi ta muhawara a kansu, gaskiya ne, amma ba wanda ya ce sun koma addinin Hindu.

AbuHafsa
Ustaz, misalin da ka kawo shi kansa malamai da yawa ba su yarda da shi ba, kada ka sa shi hujja. Kuma amshin ta asalin ai "Haleluya" ake cewa. Wanda ya san wancan, in ya ji wannan, me zai zo masa a zuciya?

Ustaz_Sawaba
Bash ya ji ta, Old Trafford ta zo masa a zuciya. Kowa da abin da ya saba ji.

AbuHafsa
Ni dai in ana yi shiru nake, hannuna a ƙasa. Kuɗin ƙungiya ana cira a albashina, yajin aiki ina shiga. Waƙar ce ban yi.

Maman_Sadiya
Na gode muku duka. Zan tambayi limaminmu bayan Juma'a.

Bakano_a_Alabar
Ku bari in shigo da ta wajenmu. A Najeriya wannan waƙar ta wuce hannun 'yan ƙwadago. Uwar ƙungiyar ƙwadago NLC na yi, malaman jami'a na yi, ɗalibai na yi, hatta 'yan kasuwa in an rushe musu rumfuna ita suke tayarwa. Amma ba irin taku muke ƙarasa ta ba. Na saurari taku a nan Kumasi, kuna rufewa da cewa ƙungiya ce ƙarfinmu, kamar yadda mai ita ya rubuta. Mu a can layin ƙarshe cewa yake kullum za mu yi yaƙi don haƙƙinmu. Kuma baiti ko ɗaya ba ma yi, amshin kawai ake maimaitawa, ana jan "soli, soli, soli" har murya ta dishe. A Janairun 2012 lokacin cire tallafin man fetur ina Kano, yaran da ko aji uku ba su gama ba sun haddace ta a titi.

Abin da ya ba ni mamaki a bayanin Baba Tica shi ne kwal. Mu ma kwal ne ya jawo mana jini. A Iva Valley ta Inugu, ran 18 ga Nuwamban 1949, 'yan sandan Turawa suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal da ke neman haƙƙinsu, mutum 21 suka mutu.

Direba_Kejetia
Ni duk wannan tarihin bai dame ni ba. Abin da na sani, waƙar nan ita ce ake kashe mu da ita. A tara ku a rana, a raba riga mai hoton ƙungiya da ruwan leda, a ce ku ɗaga hannu. Kuna cikin rerawa manya sun shige mota mai sanyi sun tafi otal cin shinkafa da waɗanda aka ce ana faɗa da su. Kullum ta Allah sai na yanki tikiti a tasha kafin in ɗauki fasinja ko ɗaya. Ranar da injina ya buga a hanyar Tamale, na kira wani babba a reshenmu, cewa ya yi yana taro, in kira gobe. Yaron motata da wani mai gyaran taya ne suka kwana da ni a bakin titi, sauro na cin mu. Su ba su san waƙar ba ma.

TsohonTica
Direba, za ka yi mamaki in na ce maka mai waƙar da kansa ya mutu da irin wannan takaicin.

Baiti 6 ya rubuta. Je ka saurari yadda ake yin ta a manyan taruka, da wuya ka ji fiye da huɗu, wasu ma ɗaya suke yi su tsaya. Biyun da aka fi zubarwa su ne masu haƙori. Ɗaya yana tambaya ne, me ya haɗa ma'aikaci da mai shan jininsa, in ba ya shirya ya yi faɗa ba? Ɗayan kuma cewa yake duk dukiyar da 'yan zaman banza suka mallaka ta ma'aikata ce, su suka gina ta tun daga harsashi, don haka su mallake ta. To shugaban ƙungiyar da zai zauna teburi ɗaya da minista gobe da safe ba zai so a yi wannan baitin a gabansa ba. Ko Pete Seeger, mawaƙin da ya ƙara yaɗa ta a faifai, bai sa waɗannan biyun a sanannen rerawarsa ba.

Shi Chaplin ya sha wuya a kan aƙidarsa. Lokacin yaƙin duniya na farko gwamnatin Amurka ta kama shugabannin IWW, aka gurfanar da kusan mutum 100 a Chicago a 1918. Shekara 20 aka yanke masa, ya yi kimanin huɗu a kurkukun Leavenworth. Da ya tsufa ya rubuta cewa ba don manyan ƙungiyoyi masu ofis da 'yan siyasa masu neman ƙuri'a ya yi waƙar ba. Ya rasu a 1961, a lokacin har ƙungiyar masu ƙera motoci ta Amurka ta sa wa hedkwatarta a Detroit suna Solidarity House.

Direba_Kejetia
Allah ya ƙara maka lafiya Baba. Ashe ba ni kaɗai ba ne. A turo min baiti biyun nan, su zan liƙa a bayan mota.

Sakatare_Reshe
Direba, yayana, ka yi mana adalci. Ni sakataren reshe ne a wurin aikinmu, ko sisi ba a biyana, katin waya ma daga aljihuna yake fita. Ban ce babu maciya amana ba. Amma ka tuna watan Yulin 2024, da hukumar fansho ta SSNIT ta so sayar da kashi 60 na hannun jarinta a otal huɗu ga kamfanin wani minista mai ci a lokacin. Surutu aka yi ta yi a rediyo ba a fasa ba. Da ƙungiyoyin ƙwadago suka haɗu suka sa ranar yajin aiki na ƙasa baki ɗaya, kafin ranar ta zo an janye cinikin. Kuɗin fanshon wa aka tsare? Akwai baitin da ba a zubar ba, wanda ke cewa in ba da ƙwaƙwalwarmu da ƙarfinmu ba, ko taya ɗaya ba za ta juya ba. A wancan makon an ga haka da ido.

Direba_Kejetia
Fanshonku dai, ku masu albashi. Ni wa ya taɓa sa min sisi a SSNIT?

Sakatare_Reshe
Akwai tsarin masu aikin kansu, ka je ofishinsu ka yi rajista. Wannan kuma wata maganar ce.

Jikan_Reluwe
Ina karanta ku daga Takoradi. Ɗan_Asawase bai yi daidai ba a kan wanda ya rubuta, amma kada a ɗauka mu sai da aka kawo mana waƙa daga Amurka muka san yajin aiki. A Sekondi aka kafa TUC a 1945, kuma ma'aikatan reluwe ne ƙashin bayanta. Su Pobee Biney, direban jirgin ƙasa, su ne suka tsayar da ƙasar nan a Janairun 1950 lokacin Positive Action, yajin neman 'yancin kai da Nkrumah ya kira. Kakana yana aikin gyaran layin dogo a lokacin. Yadda yake ba mu labari, abin da ke tayar da jama'a shi ne mutum ɗaya ya hau kan benci ya ce "Tsooboi!", dubu su amsa "Yei!", sai waƙoƙin asafo na Fante su biyo baya. Shi Bazazzagi ne, Fantensa na ciniki ne kawai, amma ya haddace su tsaf, har ya tsufa in yana jan ruwa a rijiya su yake yi. Ita ma CPP, jam'iyyar Nkrumah, waƙar coci take buɗe taro da ita, "Lead, Kindly Light", kuma mutanen zango da ke jam'iyyar suna tsaye a wurin.

Abin da ya fi yi masa ciwo 1961 ne. Gwamnati ta kawo kasafin da ya tilasta a riƙa cire kashi 5 cikin 100 na albashi a matsayin ajiyar dole. A watan Satumba ma'aikatan reluwe da na tashar jirgin ruwa a Sekondi da Takoradi suka ajiye aiki kwana 17. Shugabannin TUC na Accra suna gefen gwamnati. Matan kasuwa ne suka riƙa ciyar da masu yajin. Da aka gama, aka kwashe jagororin aka tsare su ba shari'a. Don haka maganar Direba ba yau ta fara ba.

Alhaji_Yalwa
Jikan_Reluwe, ka faɗi na Nkrumah, ka faɗi na firaminista Busia ma. A 1971 rushe TUC ya yi da doka ɗungurungum, sai da Acheampong ya hau mulki a 1972 aka maido ta. Mu mutanen zango ba mu manta da shi ba tun korar baƙi ta 1969.

Jikan_Reluwe
Haka ne Alhaji. Kowace gwamnati ta taɓa su.

Admin_Zango
Jama'a a yi hattara, kada mu koma siyasar jam'iyyun NDC da NPP. Waƙa ake magana.

Fati_Legon
Baba Tica, ba ita ce wadda Martin Luther King ke yi ba? Na ɗauka duk ɗaya ce da "We Shall Overcome".

TsohonTica
A'a 'yata, waƙa biyu ce, kari ma daban. Amma tambayarki ta yi kyau, domin ita ma waccan ta bi ta hannun 'yan ƙwadago. Tushenta waƙoƙin cocin baƙaƙen fatar Amurka ne. A ƙarshen 1945 ma'aikatan wata masana'antar taba a Charleston, yawancinsu mata baƙaƙe, suka shiga yajin aiki na watanni, suna rufe tsayuwar kowace rana da ita. Daga nan ta je makarantar Highlander a Tennessee inda ake horar da 'yan ƙungiya, daga can ta shiga gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe. A 1965 shugaba Johnson da kansa ya furta kalmominta a gaban majalisa. Indiyawa ma suna da tasu da Hindi, yara na yi a makaranta.

Shi King, wanda ya zo Accra bikin 'yancin kai a Maris 1957, jawabinsa na ƙarshe a Memphis ya yi shi ran 3 ga Afrilun 1968. Abin da ya kai shi garin yajin aikin masu kwashe shara ne. Kuma da layin farko na waƙar Julia Howe ya rufe jawabin, wato mai kari ɗaya da wadda muke magana a kai. Washegari aka harbe shi.

Fati_Legon
Allahu akbar. Masu kwashe shara. Ba a taɓa gaya mana wannan ɓangaren a makaranta ba.

Hajiya_Mai_Atamfa
Ni tun ɗazu ina jira a zo kan mata, sai da Baba Tica ya ambaci na Charleston. Ɗana ya karanta min baitukan da Hausa. Na ji mai noma, mai haƙar ma'adini, mai gina birni, mai shimfiɗa layin dogo. Ina mai dakon kaya? Ku zo Kejetia da asuba ku ga yaran nan kayayei, yarinya ba ta fi shekara 14 ba, kwano a ka an ɗora mata buhun albasa, ga goyo a baya wata. In ta kai kayan a ba ta abin da aka ga dama, in ta yi magana a ce ta cika baki. Da dare su kwanta a barandar shaguna. Ranar 1 ga Mayu da kuke fareti, su suna nan suna dako, don ranar ma ciniki ya fi.

Fati_Legon
Hajiya, matan Amurka ma sun yi wannan ƙorafin. Daga shekarun 1970 suka riƙa ƙara nasu baitukan a kan matan ƙungiya da daidaiton albashi, ana rera su tare da na asalin.

Sakatare_Reshe
Kuma TUC tana da ɓangaren masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, UNIWA. Ƙofa a buɗe take.

Hajiya_Mai_Atamfa
Ƙofar tana ina? Yarinyar da ta zo daga Walewale jiya, Turanci babu, Twi babu, wa zai nuna mata?

Alhaji_Yalwa
To ni abin da nake gani, tunda kowa ya ɗauki karin nan ya zuba nasa, soja ya zuba, coci ta zuba, ɗan ƙwallo ya zuba, me ya hana mu? Ba yau muka fara waƙar talaka ba. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya bar mana waƙar Talauci da Wadata da Hausa, a ƙasar nan ya zauna. A Najeriya NEPU da waƙa ta shiga ƙauyuka. A samu mai hikima ya yi mana baituka da Hausa, a sa mahauta, a sa masu bola, a sa 'yan pragya masu keke mai ƙafa uku da kayayein Hajiya.

AbuHafsa
In za a yi, a yi mata sabon kari namu. Sai in ɗaga hannu ni ma.

Bakano_a_Alabar
In ka sauya kari ai ka raba ta da 'yan'uwanta. Amfaninta kenan, Bafante da Bayarabe da Bature su ji su gane ta tun kafin a buɗe baki.

Bash_Aboabo
Ku kuna wahalar da kanku. Mu a Kumasi muna da tamu tuntuni a filin ƙwallo na Baba Yara, taken kulob ɗin Asante Kotoko: wo kum apem a, apem bɛba. Ka kashe dubu, dubu na tafe. Wace ƙungiyar ƙwadago ce ta faɗi abin da ya fi wannan?

Ɗan_Asawase
Na karanta wa maigida duka. Ya ce shi ya ci tunda kari ya riga baiti. Yaron guga ya ce shi bai yarda da tarihin da ya sa Tottenham a gaba ba. Baba Tica, a cikin kari da baiti wanne ne waƙar?

TsohonTica
Da Chaplin za ka tambaya, baiti zai ce, kuma duka shidan. Bakano ya ce kari. Ni na koyar da yara shekaru masu yawa, na ga suna rera abin da ba su san ma'anarsa ba da dukan zuciyarsu, don haka ba na raina kari. Amma kai dai ko ta wace hanya aka bi, kai ne mai sayen koko.

Direba_Kejetia
Alhaji_Yalwa, in an tashi rubuta ta Hausar a kira ni, baitin shugabanni ni zan yi shi. Sakatare kuma ya yi alkawari a nan gaban jama'a cewa ba za a zubar da shi ba ranar fareti.

Sakatare_Reshe
Ka fara zuwa taron reshenku tukuna, yayana. A can ake zaɓen waɗanda kake zagi, kuma da wuya a cika benci uku.